Tallafin karatu a kwalejojin Sakkwato: an biya rajista, saura me?

Duk gwamnan da ya tashi gaban taro ya ce gwamnati ta ɗauki nauyin karatun 'ya'yan talakawa, tafi yake sha. A 'yan shekarun nan irin wannan sanarwa ta yawaita a Arewa. A 2023 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya zaftare rabin kuɗin makaranta a manyan makarantun jihar Kano. A Sakkwato, hukumar ba da tallafin karatu ta jiha ta daɗe tana biya wa 'yan asalin jihar kuɗin rajista, gwamnati bayan gwamnati. Tarayya ma ta shigo da asusun bashin ɗalibai na NELFUND, wanda ya fara karɓar buƙatu a watan Mayun 2024. Abin da ba a cika tsayawa a duba ba shi ne rabon ɗaliban kwaleji a cikin wannan watanda: masu NCE a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da aka kafa tun 1970, masu difloma a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, masu koyon aikin lafiya a Gwadabawa, da masu koyon noma a Wurno.

Dalilan da suka sa gwamnatoci ke rububin biya ba ɓoyayyu ba ne. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya sa Sakkwato a sahun farko wajen talauci mai fuskoki da yawa, kusan kashi 91 cikin ɗari na mutanenta. Sai ga cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, wanda ya ɗaga kuɗin mota da na kwanon gero lokaci guda. Ga kuma ƙarancin ƙwararrun malamai, ɗaya daga cikin abubuwan da suka sa Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a 2015. Siyasa ma na ciki, kuma ba laifi ba ne a faɗa: rasit ɗin da gwamnati ta biya yana shiga gida ya zauna, uwa ta sani, uba ya sani, ranar zaɓe kuma ba a mantawa.

To amma kuɗin rajista shi ne ƙaramin kaso a cikin abin da karatu ke ci. A ɗauki yaron da ya fito daga ƙauyen Sabon Birni ko Isa, inda 'yan bindiga suka hana noma, ya sami gurbi a kwaleji a Farfaru, cikin garin Sakkwato. Tun kafin ya ga aji ya biya kuɗin JAMB, ya je shagon kwamfuta an cika masa fom, ya sa an buga hoto, ya koma ƙaramar hukumarsa neman takardar shaidar zama ɗan asali. Idan bai dace da ɗakin kwanan makaranta ba, sai ya raɓa wurin ɗan'uwa a Mabera ko Gidan Igwai, kullum kabu-kabu zuwa da dawowa. Ga takardun darasi da za a kwafa, ga datar waya, ga ciki da bai san an biya rajista ba. Lokacin koyarwar gwaji kuwa shi ne mai karya ƙugu: a tura shi wata makaranta na tsawon watanni, zai sayi kwali da maka da littafin tsara darasi daga aljihunsa, ga tufafin da zai tsaya da su gaban yara ba tare da kunya ba. A nan ake zubewa, a tsakiyar zango, ba a bakin ƙofa ba. Kuma wanda ya zube ba ya cikin lissafin da ake karantawa a rediyo, domin lissafin na waɗanda aka biya wa ne, ba na waɗanda suka gama ba.

Amurka ma ta ci karo da wannan. Jihar Tenesi ta yi dokar karatu kyauta a kwalejojinta na shekara biyu a 2014, ɗalibai suka ƙaru. Sai dai tsarin cikon giɓi ne: yana biyan abin da ya rage na kuɗin makaranta bayan sauran tallafi. Masu suka suka nuna cewa mafi talauci, waɗanda tallafin tarayya ya riga ya biya musu, kusan ba su ƙaru da komai ba, alhali haya da abinci ne ke korarsu. Abu ɗaya da ya dace a ara daga can shi ne haɗa kowane ɗalibi da mai ba shi shawara, wanda ke bibiyar halin da yake ciki.

Ba ma sai an je Amurka ba. Dattawan da suka yi kwalejin horon malamai a zamanin shirin ilimin firamare ga kowa na UPE na 1976 za su gaya maka an ba su masauki, an ciyar da su, har da ɗan alawus, kuma suna fitowa aiki na jiransu. Wancan tsari ya gane cewa ɗan talaka ba kuɗin makaranta kaɗai ya rasa ba. A ranar malamai ta duniya ta 2021 gwamnatin Buhari ta yi alkawarin naira 50,000 kowane zango ga masu NCE, 75,000 ga masu digirin koyarwa. Tunanin daidai ne. Amma ɗalibi ba ya tsara rayuwarsa a kan alkawari, sai a kan abin da ya san ranar shigarsa asusu. Tallafin da ya zo bayan an rufe rajista, ko bayan mai ɗakin haya ya yi waje da kaya, rabin amfaninsa ya riga ya tafi.

NELFUND ya taɓo wurin da ke ciwo, domin bayan kuɗin makaranta yana ba da naira 20,000 a wata na ɗawainiya, babu ruwa, kuma sai shekara biyu da gama bautar ƙasa ake fara biya. Duk da haka bashi ne. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma magidanci a nan yana nauyin ya aurar da 'yarsa da bashin gwamnati a wuyanta. Sannan wanda zai ƙare a malamin firamare, da albashin ƙaramar hukuma, yana da hujjar yin lissafi kafin ya sa hannu.

Inda biyan rajista ya fi yin tasiri, a ganina, shi ne wajen 'yan mata. Uban da ba zai bar 'yarsa ta tafi Zariya ko Kano ba, yakan yarda ta yi kwalejin cikin gari ta kwana gida, musamman idan ba a ce ya kawo ko sisi ba. Daga cikin waɗannan ake samun malama a makarantar 'yan mata da ungozoma a asibitin ƙauye, mutanen da ba a iya ɗauko su haya daga wata jiha su zauna.

Akwai kuma illar da ba a son ambata. Idan ɗalibai suka ƙaru, ajujuwa da malamai ba su ƙaru ba, sai a koma lacca a tsaye ta taga. Asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund na gina ajujuwa, amma ba ya biyan albashin malami. Kuma idan gwamnati ta hana kwaleji karɓar kuɗi daga ɗalibai, ita kuma ta yi jinkirin turo nata, man janareta da kayan ɗakin gwaje-gwaje ne ke fara tsayawa. Ga matsalar daraja: a 2023 da 2024 mafi ƙarancin makin JAMB na shiga kwalejin ilimi 100 ne, na jami'a 140. Yaro mai ƙoƙari ya fahimci saƙon. Haka ma idan ya ga wa ake kaiwa filin jirgi da rakiyar 'yan jarida: kuɗin da zai kai mutum ɗaya karatun likita a ƙasar waje zai riƙe 'yan NCE da yawa har su gama. Jiha na buƙatar likitoci, babu musu, amma likitan ma a hannun malamin firamare ya koyi baƙi, kuma ƙananan hukumomi 23 ne ke jiran waɗannan malamai.