Zari-Ruga: Wane Ne Ya Cancanci Sanya Rigar Ƙasa?

A daren 28 ga watan Oktoba na shekarar 2023, a birnin Paris, Afirka ta Kudu ta doke New Zealand da ci 12 da 11 a wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta zari-ruga, ta ɗaga kofin a karo na huɗu. Daga cikin waɗanda aka rataya wa lambar zinare a wannan dare akwai wani ƙato mai suna Jean Kleyn. Shekara huɗu kafin nan, a gasar da aka yi a Japan, wannan mutumin rigar ƙasar Ireland ya sanya, kuma ita ya yi wa wasa. Bai yi ha'inci ba, bai kuma karya doka ba. Dokar ce ta ba shi dama sau biyu: da fari ta ce ya zauna a Ireland shekara uku, saboda haka ya zama nasu, daga baya ta ce ai a Afirka ta Kudu aka haife shi, yana iya komawa gida. Tambayar da wannan ya bari a zukatan magoya baya ita ce muke son tattaunawa yau: shin rigar ƙasa ta wane ne?

Na san mai karatu zai ce ina ruwan biri da gada, tunda zari-ruga ba wasanmu ba ne. Wasa ne na mutum 15 a kowane ɓangare, da ƙwallo mai siffar ƙwai, wadda ake runguma a ruga da ita, ba a kuma miƙa ta da hannu sai dai baya. Amma idan aka yi haƙuri za a ga cewa Nijeriya ta taɓa sadaukar da gasar Olamfik sukutum saboda wannan wasa, kuma a shekarar 2025 ɗan 'yan Nijeriya ne ya riƙe kyaftin ɗin Ingila.

Zari-ruga tsakanin ƙasashe ya fara ne a 1871, lokacin da Scotland ta karɓi baƙuncin Ingila a Edinburgh. Tun daga 1879 waɗannan maƙwabta biyu suke fafatawa a kan Kofin Kalkata, wanda aka ƙera da kuɗin azurfa na Indiya da aka narkar. Wannan gaba ce ta haifi gasar da a yau ake kira ta Ƙasashe Shida, wato Ingila da Scotland da Wales da Ireland da Faransa, sai Italiya da ta shigo a 2000. Duk wanda ya san tarihin tsibiran Birtaniya ya san dalilin da ya sa ƙananan ƙasashen nan suke ɗaukar doke Ingila tamkar ranar salla. Abin da ba su samu ba a fagen siyasa shekaru aru-aru, suna neman sa a fili cikin minti 80.

Sai dai babu gabar da ta kai ta New Zealand da Afirka ta Kudu zafi, kuma a nan ne batun cancantar ɗan wasa ya fara nuna mummunar fuskarsa. Ƙasashen biyu sun fara karawa a 1921. A tafiye-tafiyen da New Zealand ta yi zuwa Afirka ta Kudu a 1928 da 1949 da 1960, ta bar 'yan wasanta na ƙabilar Maori a gida, domin kada ta ɓata wa masu masaukinta rai. Su ne asalin 'yan ƙasar, amma launin fatarsu ya cire su daga rigar ƙasarsu. Da aka bar su suka je a 1970, sai da gwamnatin wariyar launin fata ta ba su matsayin Turawan jeka-na-yi-ka na tsawon ziyarar. Ita kuwa rigar Afirka ta Kudu, mai ɗauke da hoton barewar da ake kira Springbok, a wancan zamani baƙar fata ko kusa da ita ba ya zuwa.

A 1976, 'yan makonni bayan kisan ɗalibai a Soweto, tawagar New Zealand ta sake zuwa Afirka ta Kudu. Ƙasashen Afirka suka nemi a hana New Zealand shiga gasar Olamfik ta Montreal, aka ƙi, sai ƙasashe sama da 20 suka janye, Nijeriya tana cikinsu. 'Yan wasanmu da suka shafe shekaru suna shiri haka suka tattara komatsansu suka dawo. A 1978 Nijeriya ta sake ƙaurace wa wasannin ƙasashen rainon Ingila da aka yi a Edmonton, duk a kan huldar wasanni tsakanin New Zealand da gwamnatin wariya. Da tawagar Springbok ta ziyarci New Zealand a 1981, ƙasar ta rabu biyu: masu zanga-zanga sun mamaye fili a Hamilton har aka soke wasa, a Auckland kuma wani ƙaramin jirgin sama ya riƙa jefo ƙulle-ƙullen garin fulawa a kan 'yan wasa.

Wanda ya san wannan tarihi ne zai gane nauyin abin da Nelson Mandela ya yi ranar 24 ga Yuni 1995, da ya shiga filin Ellis Park sanye da rigar Springbok mai lamba 6, ya miƙa kofin duniya ga Francois Pienaar. Baƙar fata ɗaya tak, Chester Williams, ke cikin tawagar a ranar. Sai bayan shekara 24 aka ga Siya Kolisi, wanda ya tashi cikin talauci a unguwar Zwide, ya ɗaga kofin a matsayin kyaftin, ya kuma sake ɗagawa a 2023. Rigar ba ta canja launi ba, amma masu ita sun ƙaru.

Da aka rufe babin launin fata, sai aka buɗe na kuɗi. A 1995 aka halatta biyan 'yan wasan zari-ruga albashi, kuma daga nan ƙasashe masu hali suka shiga laluben ƙwararru a ko'ina. Dokar hukumar wasan ta duniya ta ce mutum zai iya wakiltar ƙasa idan a can aka haife shi, ko aka haifi ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa, ko kuwa ya zauna a cikinta na wani adadin lokaci. Ba a buƙatar fasfo. Ƙofar kakanni ce ta fara jawo abin kunya: a shekarar 2000 aka gano cewa Shane Howarth da Brett Sinkinson, 'yan New Zealand da suka yi wa Wales wasanni da dama, ba su da kakan da aka haifa a Wales kamar yadda aka ce. A wannan shekarar ce kuma aka fara aiki da ƙa'idar cewa wanda ya yi wa wata ƙasa wasa, ko da na minti ɗaya ne, ya zama nata har abada.

Ƙofar zama a ƙasa ta fi wannan faɗi. Shekara uku kacal ake bukata a da, don haka wasu hukumomi suka mai da abin tsari: a nemo ɗan wasan da bai taɓa yi wa ƙasarsa wasa ba, a ba shi kwantiragi a wata ƙungiya ta cikin gida, a jira wata 36. Ta haka Ireland ta samu CJ Stander daga Afirka ta Kudu, da Bundee Aki da James Lowe da Jamison Gibson-Park daga New Zealand; ta haka Scotland ta samu Duhan van der Merwe, wanda ya addabi Ingila a Kofin Kalkata na 2023 da na 2024. Da ƙorafi ya yi yawa, a 2017 aka yanke shawarar ɗaga wa'adin zuwa shekara biyar.

Waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu su ne ƙananan tsibiran tekun Fasifik, wato Fiji da Samoa da Tonga. Tonga ba ta da mutanen da suka wuce dubu ɗari da 'yan kai, amma da wuya a ga babbar gasa ba tare da jininta ba. Matashi zai tafi makaranta ko neman aiki a New Zealand ko Ostireliya ko Faransa ko Japan, a sanya masa riga sau biyu ko uku, a jingine shi, ya kuma zama haramtacce ga ƙasar iyayensa har ƙarshen rayuwarsa. Tawagar New Zealand, duk da ɗimbin 'yan asalin Samoa da suka ɗaukaka sunanta, sai a 2015 ta fara zuwa Apia buga cikakken wasan ƙasa da ƙasa. Gaskiya ɗaya ce dai a faɗa: da yawa daga cikin waɗannan 'yan wasa a New Zealand aka haife su, kamar marigayi Jonah Lomu, ɗan Auckland wanda iyayensa 'yan Tonga ne, kuma tawagogin Samoa da Tonga su ma cike suke da haifaffun New Zealand. Ƙaura ce ta cakuɗa jama'a, doka kuma ta kasa bin sawunta.

A watan Nuwamba na 2021 aka gyara dokar. Daga 2022, ɗan wasa na iya sauya ƙasa sau ɗaya, muddin ya yi shekara uku bai yi wa ta farko wasa ba, kuma shi ko iyayensa ko kakanninsa haifaffun ta biyun ne. Nan take Charles Piutau da Malakai Fekitoa suka koma Tonga, Lima Sopoaga da Steven Luatua suka koma Samoa. An yi murna, kuma ta dace. Amma ga abin da ya faru a gasar 2023: Tonga da Samoa ba su fita daga rukuni ba, domin 'yan wasan da suka dawo yawancinsu sun ba wa shekara 30 baya ko suna dab da ita, wato an riga an sha romon an miƙo musu ƙashin. Wadda ta ci moriyar dokar har ta kai ga kofi ita ce Afirka ta Kudu, da Jean Kleyn. Ita kuwa Fiji, wadda ta fi dogara ga 'ya'yan da ta raina, ita ce ta doke Ingila a Twickenham da ci 30 da 22 a watan Agusta na 2023, ta doke Ostireliya a gasar, ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe.

To ina matsayin magoya baya a cikin wannan? Masu zari-ruga suna alfahari da tarbiyyarsu, kuma suna da hujja. Ba a raba magoya bayan ɓangarori biyu a wurin zama kamar yadda ake yi a ƙwallon ƙafa. A filin Thomond Park na Limerick an san 'yan kallo da yin tsit idan ɗan wasa, ko da na abokan gaba ne, zai buga ƙwallo zuwa raga. A 2007 Ingila ta buga wasa a Croke Park na Dublin, filin da jami'an tsaron Birtaniya suka kashe mutum 14 a 1920. Aka rera taken Ingila ba wanda ya yi ihu, sannan Ireland ta lallasa ta da ci 43 da 13. Ita kanta tawagar Ireland ta haɗa 'yan kudu da 'yan arewacin tsibirin a riga ɗaya, duk da iyakar siyasa da ta raba su.

Amma wannan tarbiyya ta fara zaizayewa. Bayan wasan ƙarshe na 2023, alƙalin wasa Wayne Barnes da iyalinsa sun sha barazanar kisa ta kafafen sada zumunta, kyaftin ɗin Ingila na lokacin Owen Farrell kuma ya jingine wasan ƙasa don kare lafiyar ƙwaƙwalwarsa da ta iyalinsa. A kan batun 'yan wasan da aka haifa a waje kuwa, magoya baya kusan duk halinsu ɗaya: laifi tudu ne. Baƙon da ke cikin tawagarmu ɗan'uwa ne da ya zaɓe mu, wanda ke cikin ta maƙwabta sojan haya ne. Idan ya ci mana wasa namu ne, ranar da ya zubar da ƙwallo kuma sai a tuna garin da aka haife shi.

A ganina, jini kaɗai ba ya isa ma'auni, haka ma kwantiragi. Michael Leitch an haife shi a New Zealand, mahaifiyarsa 'yar Fiji ce, ya je Japan karatu yana ɗan shekara 15, ya koyi harshen, ya zauna, shi ne kuma ya jagoranci Japan ta doke Afirka ta Kudu da ci 34 da 32 a 2015. Wane mai adalci ne zai ce wanda kakarsa kawai aka haifa a wata ƙasa, bai taɓa kwana a cikinta ba, ya fi Leitch cancanta? Abin da ya kamata a hana shi ne cinikin ƙwararrun da wasu suka riga suka raina. Kuma wannan ba zai hanu da doka kaɗai ba, sai manyan ƙasashe sun yarda su riƙa zuwa Suva da Apia da Nuku'alofa buga wasa, a kuma raba kuɗin ƙofa da adalci, domin yaron tsibiri ya iya ciyar da iyayensa ba tare da ya sanya rigar wasu ba.

Daga ƙarshe mu dawo gida. Maro Itoje, wanda aka haifa a Landan a 1994, iyayensa 'yan Nijeriya, ya zama kyaftin ɗin Ingila a farkon 2025, a wannan shekarar kuma ya jagoranci haɗaɗɗiyar tawagar Birtaniya da Ireland ta ci Ostireliya wasa biyu cikin uku. Mukan yi tinƙaho da shi, kamar yadda muke yi da Bukayo Saka a ƙwallon ƙafa, wasu ma har su ce an ƙwace mana. Amma makarantun Ingila ne suka ba shi fili da mai horarwa da likita. Mun yi murna da Ademola Lookman ya zaɓi Nijeriya a 2022, alhali can aka raine shi. Ashe mu ma idan dokar ta juyo wajenmu ba ma ƙin ta. Ƙasar da ta bar filayen makarantunta suka zama shaguna da wuraren ajiye motoci ba ta da bakin ƙorafi idan 'ya'yanta suka yi fice a rigar wasu. A 1976 mun nuna wa duniya cewa mun san darajar rigar ƙasa har muka haƙura da lambobin yabo dominta. Abin da ya rage shi ne mu raini waɗanda za su sanya ta. Allah Ya sa masu riƙe da akalar wasanninmu su ji.