Kwalba ta biyu: Haɗarin da ke cikin gam ɗin epoksi da ake gyara waya da ƙawata ta da shi

Duk mai yawan leƙa TikTok ko Instagram ya taɓa cin karo da irin wannan bidiyo: a zuba wani ruwa garai-garai a kan rigar waya, a barbaɗa ƙyalƙyali ko busassun furanni, washegari ya daskare yana sheƙi kamar gilashi. Matasa da dama sun mayar da abin sana'a, suna yin rigunan waya da maƙalin makulli suna sayarwa ta intanet. Masu gyara a kasuwanni irin su Farm Centre ta Kano da Banex ta Abuja su ma suna amfani da ɗan'uwansa, wato gam mai bututu biyu da ake kira AB, wajen liƙe jikin waya da ya tsage ko murfin kwamfutar tafi-da-gidanka da ya ɓalle.

Sunan wannan haɗi epoksi, kuma ruwa biyu ne. Na farko shi ne rezin, wanda ake rubuta wa A. Na biyu shi ne mai daskarar da shi, wanda ake rubuta wa B. Mafi yawan haɗarin yana cikin kwalba ta biyun nan, domin a yawancin lokuta abin da ke cikinta sinadarin masana'antu ne mai cin fata daga dangin da ake kira amine.

Mene ne amine?

Amine dangin ammoniya ne, shi ya sa ruwan B ke da wani wari mai hawa kai, tsakanin zarnin fitsari da ƙarnin kifi. Hasali ma warin kifin da ya fara ruɓewa daga wani ɗan wannan dangi yake fitowa. Sunayen da aka fi gani a jikin kwalaben epoksi sun haɗa da triethylenetetramine, da diethylenetriamine, da isophorone diamine. Abin lura shi ne duk suna ƙarewa da "amine".

Aikinsa shi ne ya ɗaure ƙwayoyin rezin da juna har su zama roba mai tauri. Da zarar haɗin ya gama daskarewa sarai, haɗarinsa ya ragu ƙwarai. Ita kanta wayar da ke hannun mutum cike take da busasshen epoksi: da shi ake yin allon da na'urorinta ke zaune a kai, da shi kuma ake cike ƙarƙashin wasu ƙananan na'urori don kada su girgiza idan wayar ta faɗi. Matsalar tana ga ɗanyen ruwan, kafin a haɗa shi da kuma lokacin da bai gama kamawa ba.

Ba kowane gam ne epoksi ba. B-7000 da ake liƙe gilashin waya da shi, da rezin ɗin da ake busarwa da fitilar UV, wasu sinadarai ne daban masu nasu ƙa'idojin. Wanda ake magana a kai shi ne wanda sai an gauraya ruwa biyu.

Ƙunar da ba ta saurin zafi

Mutane sun saba jin tsoron asid, irin ruwan batirin mota. Amine yana ɗaya ɓangaren ne, ɓangaren kanwa da sodar da ake haɗa sabulu da ita. A ma'aunin pH da ke tafiya daga 0 zuwa 14, irin waɗannan sinadarai sukan kai 11 zuwa 12 idan sun haɗu da ruwa.

Bambancin yana da muhimmanci. Asid yakan ƙone saman fata ya bar ɓawon da ke rage masa shiga. Sinadari mai kanwa kuwa narkar da kitse da naman fata yake yi, ya ci gaba da nutsewa. Santsin da mutum ke ji a yatsa idan ya taɓa shi alama ce ta cewa fatar ta fara narkewa. Kuma sau da yawa zafin ba ya zuwa nan take, sai mutum ya goge hannu a jikin wando ya ci gaba da aiki, bayan wani lokaci wurin ya yi ja ya tashi.

Ido ya fi ko'ina rauni. Ɗigo ɗaya na iya ratsa baƙin ido cikin mintuna kaɗan, ya bar tabon da zai rage gani ko ya makantar. Tururin wasu daga cikin dangin amine ma yakan sa saman baƙin ido ya kumbura, mutum ya riƙa ganin hazo mai shuɗi-shuɗi da zobe kewaye da fitilu. Yawanci yakan washe bayan 'yan sa'o'i, amma wanda ya hau babur da dare a wannan hali ya sa ransa a haɗari.

Akwai kuma illar da ke taruwa a hankali. Yawan taɓa ruwan, ko da kaɗan-kaɗan ne, yana iya sa jiki ya daina jure shi gaba ɗaya. Daga nan ko ɗan tururinsa ya isa ya tayar da ƙaiƙayi, da ƙuraje a hannu, da kumburin fatar ido, wasu har da ciwon asma. Idan jiki ya kai wannan matsayi ba kasafai yake komawa daidai ba, kuma hakan kan tilasta wa mai sana'a barin sana'arsa.

Abin da kwalbar ke faɗa

Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da tsarin bai-ɗaya na alamomin sinadarai a 2003. A ƙarƙashinsa, ruwa mai cin fata yana ɗauke da hoton bututun gwaji biyu suna ɗiga a kan hannu da kan ƙarfe, cikin jan layi mai kusurwa huɗu. Lambar H314 na nufin yana ƙone fata da lalata ido, H317 kuma na nufin jiki na iya daina jure shi. A manyan jarkoki za a iya ganin UN 2735 da lamba 8, wato rukunin kaya masu ci.

Matsalar kasuwa ita ce ƙananan 'yan kasuwa kan sayo jarka su ɗuɗɗura a robobin ruwa ko na lemo, babu suna babu alama. Ruwan B kan zo garau kamar ruwa ko ruwan zuma-zuma, don haka yaro na iya ɗauka ya kurɓa. Duk kamfanin kirki yana da takardar bayanin kariya da ake kira SDS, mai sashe 16. Rubuta sunan kayan tare da haruffan SDS a Google kan fito da ita. Sashe na 4 ya ƙunshi taimakon gaggawa, na 7 yadda ake ajiya, na 8 kayan kariya.

Yadda ake aiki da shi

Safar hannu ta roba samfurin nitrile ita ce ta dace, a kuma canza ta da zarar ruwan ya taɓa ta. Siririyar safar latex ba ta tare shi yadda ya kamata. Tabarau ya zama mai rufe gefe da gefe. Takunkumin asibiti ko na yadi ba ya tace tururi, don haka a yi aikin a fili ko kusa da taga a buɗe, ba a ɗakin kwana ba. Haka ma lokacin da mai gyara ke gasa tsohon epoksi da na'urar hura zafi, ko ake goge wanda bai gama bushewa ba da samfefa.

A haɗa kaɗan-kaɗan, daidai awon da kamfani ya rubuta. Ƙara ruwan B don ya yi saurin kamawa kuskure ne, domin ragowar da bai sami abokin haɗi ba zai zauna a jikin rigar wayar da wani zai riƙa kangawa a kumatu. Haɗin kuma yana fitar da zafi da kansa. Idan aka cika kofi da shi, musamman a zafin Afrilu da kan haura digiri 40 a Kano da Sakkwato, yana iya yin hayaƙi har ya narkar da kofin roba.

A bar shi a kwalbarsa ta asali, a rufe ruf, a inuwa, nesa da abinci da yara da ruwan batir. Kada a juye shi a gwangwanin alminiyam ko tagulla, domin yana cin su. Idan ya zube a ƙasa a rufe shi da yashi a kwashe. Ragowarsa kuma a haɗa da rezin kaɗan-kaɗan ya daskare kafin a zubar a shara, kada a tuttular a kwata.

Idan tsautsayi ya faru

Maganin farko ruwa ne mai yawa, kuma nan take. Idan a ido ne, a buɗe fatar idon a yi ta kwarara ruwa mai tsabta aƙalla minti 20, a ci gaba a hanya har a isa asibiti, ko da zafin ya lafa. Idan a fata ne, a cire tufafi da agogo da zoben da ya taɓa, a wanke da ruwa na tsawon wannan lokaci, sannan a bi da sabulu. Kada a goge da fetur ko tina, domin suna ƙara tura sinadarin cikin fata. Kada a matsa lemon tsami da nufin kashe kaifinsa, kada kuma a shafa man goge baki ko ɗanyen ƙwai.

Idan an haɗiye shi, a kurkure baki kawai. Kada a sa mutum amai, domin ruwan zai sake ƙone maƙogwaro a hanyar fitowa, kuma ɗura manja ba ya kashe shi. A garzaya asibiti ko a kira 112, lambar gaggawa ta Najeriya, a tafi da kwalbar ko hotonta a waya don likita ya san abin da yake fuskanta.

Wannan hoton yana da amfani ne kawai idan kwalbar na da rubutu. Shi ya sa kariya ke farawa tun a wurin saye: robar da ba ta da suna, komai arharta, a bar wa mai ita.