Waliyyi da Yardar Mace a Ɗaurin Aure

A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a ƙasar Hausa, aure ba ya ƙulluwa sai da waliyyi, da sadaki, da siga, sannan da shaidu kafin tarewa. Waliyyi shi ne namijin da ke bayar da auren mace, galibi mahaifinta ko wanda ya wakilta. Shafi'iyya da Hanbaliyya ma sun shar'anta shi. Imam Abu Hanifa ne ya bambanta, domin a wurinsa baligar mace mai hankali tana iya aurar da kanta, sai dai waliyyi na da ikon kai ƙara idan mijin ba tsaranta ba ne.

Inda gardama take shi ne ijbari, wato ikon aurarwa ba tare da neman izini ba. Littattafan Malikiyya irin su Risala da Muhtasar sun ba uba wannan iko a kan 'yarsa budurwa, shi da wasiyyin da ya ɗora wa. Wa, ko baffa, ko kawu ba su da shi, ko da a hannunsu ta tashi, abin da dangi kan manta. Uban ma an gindaya masa iyaka: ba zai tilasta mata kuturu ko mahaukaci ba, kuma budurwar da shi da kansa ya shaida cewa ta mallaki hankalinta, ya sakar mata ragama, ta fita daga ijbari. Bazawara baliga kuwa sai ta furta yardarta da bakinta.

Hadisai ingantattu sun umarci a nemi izinin budurwa, aka ɗauki shirunta a matsayin amincewa saboda kunya. Amma shirun kunya daban, shirun tsoro daban. Buhari ya ruwaito labarin Hansa'u 'yar Hizam, bazawarar da mahaifinta ya aurar ba da sonta ba. Ta kai kuka ga Annabi (SAW), ya warware auren. Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim sun tafi a kan cewa baligar budurwa ma ba a yi mata dole.

Akwai kuma waliyyin da ke hana aure don son zuciya. Aya ta 232 a Suratul Baƙara ta sauka ne a kan Ma'aƙil bin Yasar, wanda ya hana 'yar'uwarsa komawa wurin mijin da ya sake ta. Idan waliyyi ya kafe ba hujja, walicci kan koma hannun alƙali.

Dokokin ƙasashe sun ci gaba da sauyawa. Maroko, wadda ita ma Malikiyya take bi, ta gyara dokar iyalinta a 2004, ta ba baligar mace damar ɗaura aurenta da kanta, ko ta wakilta mahaifinta ko wani ɗan'uwa idan ta ga dama.