Faya-fayan Queen: Ƙungiyar Da Ta Mai Da 'Yan Kallo 'Yan Amshi

Ran 13 ga watan Yuli na 1985, mutane wajen dubu 72 suka cika filin wasa na Wembley da ke birnin Landan, saboda wani gagarumin bikin kiɗa da aka shirya don tara gudummawa ga mutanen Habasha waɗanda fari da yunwa suka gallaba. Manyan mawaƙa suka yi ta hawa dandali ɗaya bayan ɗaya, kowa da 'yan mintocin da aka yanka masa. Da yamma ta yi sai aka kira ƙungiyar Queen. Cikin minti 20 da 'yan kai da suka samu, sai da suka sa filin nan kaf ya ɗaga hannu yana tafi tare, kamar mutum guda. Har yau masana kiɗan Turawa da yawa suna lissafa wannan wasa cikin mafiya ƙayatarwa da aka taɓa yi.

Amma watanni 9 kafin wannan rana, mutanen nan huɗu suna can Afirka ta Kudu suna kiɗa a ƙarƙashin mulkin wariyar launin fata, abin da ya sa sunansu ya shiga baƙin littafin Majalisar Ɗinkin Duniya. Wanda duk yake son ya fahimci yadda ƙungiya ɗaya ta haɗa yabo da zargi irin haka cikin shekara guda, sai ya bi manyan faya-fayanta guda 15, waɗanda suka fito tsakanin 1973 da 1995.

Asalin Ƙungiyar

An kafa Queen a Landan cikin 1970. Mai jita shi ne Brian May, ɗalibin kimiyyar sararin samaniya, wanda shi da mahaifinsa suka sassaƙa jitarsa da hannunsu daga katakon wani tsohon murhu, kuma da sisin Ingila yake kaɗa ta. Mai ganguna Roger Taylor ya fara karatun likitan haƙori ne kafin ya sauya. John Deacon, mai jita mai babbar murya, ya shigo cikin 1971, shi kuwa fannin lantarki ya karanta.

Zabiyan ƙungiyar, wanda duniya ta sani da suna Freddie Mercury, haifaffen Afirka ne. An haife shi a tsibirin Zanzibar ran 5 ga watan Satumba na 1946, aka raɗa masa suna Farrokh Bulsara. Iyayensa 'yan ƙabilar Farsi ne na ƙasar Indiya, mahaifinsa kuwa ma'aikaci ne na gwamnatin Ingilishi a tsibirin. Ya yi makarantar kwana a Indiya, sa'an nan juyin juya halin Zanzibar na 1964 ya kori iyalinsu zuwa Ingila, inda ya karanta zane-zane. Shi ya raɗa wa ƙungiyar suna, shi kuma ya zana tambarinta.

Faya-fayan Farko Da Talauci

Faifansu na farko, mai suna Queen, ya fito cikin 1973. Sun ɗauke shi ne a sa'o'in da manyan mawaƙa suka tashi daga ɗakin ɗaukar murya, sau da yawa tsakar dare, domin ba su da ƙarfin biyan lokaci mai kyau. Cikin 1974 suka fitar da biyu, watau Queen II da Sheer Heart Attack. A na biyun ne waƙar Killer Queen ta kai matsayi na biyu a jerin waƙoƙin da aka fi saye a Ingila.

Abin da ya bambanta faya-fayan nan da na sauran makaɗan rok shi ne yawan jera murya a kan murya. Mutum uku ne ke rerawa, amma sai su maimaita baiti ɗaya sau da yawa, a ɗora wannan bisa wancan, har mai sauraro ya zaci ɗaruruwan mutane ne. Haka May yake yi da jitarsa, har ta yi amo kamar goge ko algaita. Don kada a ce inji ne ya yi musu aikin, sukan rubuta a bayan kwalin faifai cewa ba su yi amfani da na'urar lantarki mai kwaikwayon kayan kiɗa ba.

Duk da suna da suka fara yi, aljihunsu babu kome, saboda irin yarjejeniyar da suka ƙulla da masu kula da harkokinsu na farko. Cikin 1975 suka raba gari da su, suka ɗauki John Reid, wanda ke kula da Elton John a lokacin.

Dare Ɗaya Da Ya Sauya Kome

Faifan da ya fitar da su kunya shi ne A Night at the Opera, wanda ya fito a watan Nuwamba na 1975. Sun aro sunansa daga wani tsohon fim na barkwanci na Amurka, kuma an ce a zamanin ba a taɓa kashe wa wani faifai kuɗi kamarsa a Ingila ba. Da ya faɗi, da ƙungiyar ta watse. A cikinsa ne waƙar Bohemian Rhapsody take, wadda tsawonta ya kusa minti 6, ba ta da amshi, ta fara da taushi, ta ratsa ta salon waƙar opera ta Italiya, ta ɓarke da kiɗa mai ƙarfi, sa'an nan ta lafa. Masu harkar faifai suka ce babu gidan rediyon da zai sa waƙa mai tsawo haka. Sai wani ma'aikacin rediyo a Landan, Kenny Everett, ya yi ta sa ta, jama'a kuwa suka yi ta tambaya a kantuna. Ta yi mako 9 tana kan gaba a Ingila.

A Day at the Races na 1976 ya bi sawun wancan ne a salo da kwali. To, amma a nan ƙungiyar ta ci karo da wata matsala. Waƙoƙin da aka gina da ɗaruruwan muryoyi a ɗaki ba sa reruwa a fili da baki huɗu. Har sukan sauka daga dandali idan an zo tsakiyar Bohemian Rhapsody, su bar kaset yana yi.

Jama'a Sun Zama 'Yan Amshi

Maganin matsalar ya zo ne daga 'yan kallo. Cikin 1977, bayan wani wasa a garin Stafford, jama'a suka ƙi watsewa, suka dinga rera waƙa da kansu. May da Mercury suka ga cewa taron nan ma kayan kiɗa ne, idan an san yadda za a kaɗa shi. Daga nan faifan News of the World na wannan shekara ya buɗe da waƙoƙi biyu waɗanda aka tsara musamman don jama'a. We Will Rock You ba ta da ganga sam: buga ƙafa sau biyu ne da tafi ɗaya, abin da ko yaro zai iya, ko da bai ji Turanci ba. We Are the Champions kuwa ta zama waƙar da ake sa wa duk ƙungiyar ƙwallon da ta ɗauki kofi, daga wancan lokaci har zuwa yau.

Mai karatu da ya san yadda makaɗi ke bayarwa 'yan amshi na karɓa ba zai yi mamakin ƙarfin wannan dabara ba. Bambancin kawai shi ne 'yan amshin Queen dubbai ne, kuma su ke biyan kuɗin shiga.

Faifan Jazz na 1978 ya buɗe da waƙar Mustapha, wadda kalmominta suka yi kama da Larabci da Farisanci, wuri ne kuwa da ba kasafai Mercury ke bari a hango asalinsa ba. Sa'an nan The Game na 1980, wanda suka ɗauka a birnin Munich na Jamus, ya zama faifansu guda ɗaya tak da ya hau kan gaba a Amurka. A nan suka fara amfani da na'urar da suka daɗe suna gudu. Waƙar Deacon, Another One Bites the Dust, ta samo tushe ne daga kiɗan rawa na Baƙar fatan Amurka, kuma Michael Jackson na cikin waɗanda suka ba su shawarar su fitar da ita ita kaɗai. A wannan shekara kuma suka yi wa fim ɗin Flash Gordon kiɗa.

Cikin 1981 suka ratsa Kudancin Amurka, inda manyan makaɗan rok ba su cika zuwa ba. A birnin Sao Paulo na Brazil mutane fiye da dubu 130 suka halarci wasansu cikin dare ɗaya. Sun kuma yi wasa a Ajantina alhali soja na mulki da ƙarfe, ba su kuwa ga aibin haka ba. Wannan shekara ce suka tara fitattun waƙoƙinsu a faifan Greatest Hits, wanda ya zuwa 2022 an sayar da miliyan 7 a Ingila kaɗai, babu faifan da ya taɓa kai haka a ƙasar.

Tuntuɓe A Sun City

Hot Space na 1982 ya karkata sosai ga kiɗan disko, tsofaffin masoyansu kuwa suka ja baya, ko da yake yana ɗauke da Under Pressure wadda suka yi da David Bowie. Daga wannan shekara ba su sake zagaya Amurka tare da Mercury ba. The Works na 1984 ya dawo musu da farin jini a Turai ta hanyar Radio Ga Ga da I Want to Break Free. Faifan ya rufe da wata 'yar waƙa mai taushi da Mercury da May suka tsara bayan sun ga labarin talaucin Afirka a talabijin.

Abin mamaki, cikin zagayen tallar wannan faifai ne suka sauka Sun City a watan Oktoba na 1984. Wannan wuri masaukin shaƙatawa ne da caca a Bophuthatswana, ɗaya daga cikin yankunan da gwamnatin Pretoria ta keɓe wa Baƙar fata ta ce ta ba su 'yanci, alhali babu wata ƙasa ta waje da ta amince da haka. Tun 1980 Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya nemi mawaƙa da 'yan wasa su ƙaurace wa Afirka ta Kudu. Kwamitin Majalisar mai yaƙi da wariyar launin fata kuwa Nijeriya ce ta daɗe tana shugabantarsa. Alhaji Yusuf Maitama Sule ya riƙe shi a farkon shekarun 1980, a lokacin zuwan Queen kuma Manjo-Janar Joseph Garba ne ke kan kujerar.

Lokacin ma bai yi musu daɗi ba. Wata guda kafin saukarsu tarzoma ta ɓarke a unguwannin Baƙar fata na yankin Vaal, Nelson Mandela ya shekara fiye da 20 a kurkuku, kuma cikin watan nan na Oktoba aka ba Bishop Desmond Tutu lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya. Hujjar ƙungiyar ita ce su ba 'yan siyasa ba ne, taron da suka yi wa kiɗa ya haɗa fari da baƙi, sun kuma taimaka wa wata makarantar kurame da makafi. Wannan hujja ba ta gamsar ba. Ƙungiyar makaɗan Ingila ta ci su tara, Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa su cikin jerin waɗanda suka karya takunkumi.

Gaskiyar magana ita ce gwamnatin wariya ba ta bukaci su faɗi kome ba. Zuwansu kawai ya wadatar, domin ya nuna wa duniya kamar abubuwa na tafiya daidai. Mutanen da suka fi kowa sanin abin da taro ke iya yi, su ne suka kasa ganin abin da taronsu ya yi wa mai masaukinsu. Bayan shekaru da yawa Taylor ya amsa cewa tafiyar kuskure ce.

Faya-fayan Ƙarshe

Wasan Wembley na 1985 ya farfaɗo da su. A Kind of Magic ya fito cikin 1986, suka zagaya Turai har birnin Budapest, wanda a lokacin ke ƙarƙashin mulkin kwaminisanci. Ran 9 ga watan Agusta na 1986, a Knebworth, Mercury ya hau dandali tare da su karo na ƙarshe.

Daga nan ciwon ƙanjamau ya kama shi, suka daina yawon wasa, suka koma ɗakin ɗaukar murya inda suka faro. A faifan The Miracle na 1989 suka daina rubuta sunan mutum ɗaya a kan waƙa, suka mai da kome na su huɗu, abin da ya kashe tsohuwar gardamar rabon kuɗi a tsakaninsu. Innuendo ya fito a watan Fabrairu na 1991, ya komo da salon faya-fayan farko, Mercury kuwa ya rera shi jiki na ƙarewa amma murya na nan daram. Ya rasu ran 24 ga watan Nuwamba na 1991 yana da shekara 45, kwana ɗaya bayan ya sanar da duniya ciwonsa. Sauran ukun suka harhaɗa muryoyin da ya bari a birnin Montreux na Suwizalan, suka fitar da Made in Heaven cikin 1995. Deacon ya yi ritaya cikin 1997.

Afirka ta Kudu dai ba ta fita daga labarin ba. Cikin watan Nuwamba na 2003, May da Taylor suka koma ƙasar, wannan karo birnin Cape Town, suna cikin waɗanda suka shirya bikin kiɗa na yaƙi da ƙanjamau mai suna 46664, watau lambar da Mandela ya ɗauka a kurkuku. Mandela da kansa ya hau dandali a wannan rana, shekara 19 bayan Sun City.

Faya-fayan nan 15 suna nan ga mai son saurare, sunansu kuma na nan a tsohon jerin Majalisar Ɗinkin Duniya. Mawaƙan wannan zamani, waɗanda masu mulki da masu kuɗi ke gayyata daga ƙasa zuwa ƙasa, za su amfana idan suka duba duka biyun kafin su karɓi goron gayyata.