Zoben Ƙafar Tsuntsu da Kasuwar Kaji a Filato

JOS: Kafin hazon hunturu ya washe da safe, ma'aikatan dajin Amurum, kimanin kilomita 15 daga birnin Jos, sun riga sun kafa ragarsu tsakanin bishiyoyi. Tsuntsun da ya faɗa ciki akan auna nauyinsa da tsawon fiffikensa, a sa masa ɗan zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, a sake shi. Wani lokaci kuma akan ci karo da wanda ya zo da zobensa tun daga Turai.

Wannan aiki na cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis ne, wadda aka kafa a 2002 a ƙauyen Laminga, bisa yarjejeniya tsakanin gidauniyar Leventis da Jami'ar Jos da gidauniyar kare muhalli ta Nijeriya da mutanen ƙauyen. Dabarar kanta tsohuwa ce: wani malamin makaranta ɗan ƙasar Denmark, Hans Mortensen, shi ya fara ta a 1899.

Daga watan Oktoba zuwa Afrilu, ƙananan tsuntsaye masu gudun sanyin Turai sukan ƙetaro Sahara su sauka a gonakin Filato. Akwai wani da Turawa ke kira whinchat, wanda nauyinsa bai kai giram 20 ba. Masu bincike na Amurum sun gano cewa yakan dawo gefen gona ɗaya shekara bayan shekara, kuma 'yan na'urorin da aka ɗaura wa wasu sun nuna a gabashin Turai suke yin ƙwai.

Mai kiwon kaji a Bukuru yana iya tambayar abin da ya haɗa shi da wannan. Amsar tana cikin abin da ya faru a watan Fabrairun 2006, lokacin da aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gona a Jaji, Jihar Kaduna, karo na farko a Afirka. Nan da nan cutar ta iso Kano da Filato. An hallaka kaji masu ɗimbin yawa, jama'a suka ƙaurace wa ƙwai da naman kaza, diyyar da gwamnati ta fara biya kuwa Naira 250 ce kan kowace kaza, kuɗin da bai kai na mayar da mai ƙwai ba. Cutar ta sake dawowa a 2015 da 2021.

Masana sun yi ta muhawara ko tsuntsayen ƙaura ne suka kawo ta, ko kuwa fataucin 'yan tsaki da ƙwai. Ƙananan tsuntsayen gona ba su ne abin zargi ba. Hankali ya fi karkata ga agwagin ruwa irin masu sauka a fadamun Haɗejiya da Nguru. Amma ba a iya yanke hukunci sai an san inda tsuntsu ya fito da lokacin da ya iso, kuma zoben nan shi ne takardar shaidar da ta fi araha. Jami'in kwastan yana duba mota a kan iyaka. Ayarin da ke wucewa ta sama ba ya tsayawa a shinge.

Jihar Filato ta yi dace, domin cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa, wadda aka kafa a Vom a 1924, tana kusa da Amurum. Abin da ya yi ƙaranci shi ne labari daga ƙauyuka. Maharbi ko yaro mai danƙo da ya sami zobe sau da yawa yakan adana shi ko ya jefar, alhali a jikinsa akwai lamba da adireshin ƙasar da ta sa shi. Duk zoben da bai koma hannun masu lissafi ba, kuɗin ragar da ta kama tsuntsun da ladan wanda ya kafa ta sun tafi a banza.