Bayan Bikin Buɗewa: Aikin Masu Kula da Gine-gine daga Ambursa zuwa Argungu

Kula da gine-gine sana'a ce ta waɗanda ke karɓar amanar gini daga ranar da ɗan kwangila ya miƙa mabuɗi har iyakar rayuwar ginin. Ruwa da wuta da tsafta da tsaro suna wuyansu, haka rufi da magudanai da injuna, da lafiyar duk wanda ke shiga yana fita. Ba dole ba ne mai wannan aiki ya riƙe sifana da hannunsa. Nasa shi ne ya san abin da ke cikin ginin, da shekarun kowace na'ura, da ranar da ya kamata a duba ta, da kuɗin da hakan zai ci, da ma'aikacin da ya iya.

Filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, a kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, ya isa misali. Daga nan jirgin farko na alhazan Nijeriya na shekarar 2024 ya tashi a watan Mayu. Maniyyaci yana ganin zauren jira da jirgi ne kawai, amma kafin jirgin ya sauka sai fitilun titinsa sun kama, janareto yana shirye ya karɓa da zarar an ɗauke wuta, motar kashe gobara tana da ruwa da kumfa, an sare ciyawar gefen titi don kada ta tara tsuntsaye, shinge kuma ba shi da kafar da dabba za ta kutsa. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba a yin sa ranar tafiya. Aiki ne na shekara sukutum, kuma ya fi wuya a watannin da filin ba ya cika, domin a lokacin ne ake mantawa da shi.

Yanayin wannan yanki na kwarin Rima ba ya ragawa gini. Ƙurar hunturu tana toshe na'urorin sanyaya ɗaki, tana lulluɓe farantan sola har ƙarfinsu ya ragu. Zafin bazara, wanda kan haura digiri 40 a Maris da Afrilu, yana gajiyar da batura, yana tsattsaga fenti da kwaltar rufi. Damina kuma takan zo da iskar da ke yaye kwano, da ruwan da ke neman duk magudanar da shara ta cushe. Gara tana aikinta a ɓoye cikin katako. Ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a jihar Kebbi, ta nuna cewa ginin da ke kusa da fadama yana bukatar shiri tun kafin kogi ya kawo.

Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin wannan. Ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da yaɓe, don haka kafin saukar ruwa magidanci kan sa a hau soro a toshe tsaga, a gyara indararo, a sake makuba, a duba azara. Magina suna da shugabansu, Sarkin Magina, wanda ke raba aikin fada da na ganuwa, kuma yaro kan koyi sana'ar a hannun ubansa ko ubangidansa. Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu an gina shi a 1831, ya kasance fadar sarki har 1942, aka mai da shi gidan tarihi a 1958. Bai kai yau don ƙarfin ƙasarsa kaɗai ba, hannu ne bai rabu da shi ba. Da siminti da kwano suka zo, mutane da yawa suka ɗauka gyaran shekara ya ƙare, kuma wannan zato ya jawo asarar da ba ta misaltuwa.

Tsara wannan aiki a matsayin sana'a mai ƙungiya ya faro ne a Amurka. A 1980 aka kafa ƙungiyar da a yau ake kira IFMA, mai hedikwata a birnin Houston, kuma tana da reshe a Nijeriya da ke da ofishi a Legas. Akwai kuma AFMPN, ƙungiyar masu sana'ar ta cikin gida. A jihohi irin Kebbi, akasarin masu yin aikin ma'aikatan sashen ayyuka ne na asibitoci da makarantu da ma'aikatu, kuma sun fi alaƙa da tsofaffin ƙungiyoyi masu rassa a jihohi: ta injiniyoyi, ta ƙwararrun magina, da ta masu kula da kadarori da ƙiyasta darajarsu, NIESV, wadda aka kafa a 1969.

Babban aikin irin waɗannan ƙungiyoyi horarwa ne. Suna shirya bita da taron ƙara wa juna sani, suna kai mambobi ziyarar gani da ido wuraren da ake gudanarwa da kyau, suna shirya su don jarrabawar takardun ƙwarewa. IFMA ta kasa ilimin sana'ar gida 11, daga gyara da gudanarwa zuwa kasafin kuɗi da shirin ko-ta-kwana. A 2018 hukumar ƙa'idoji ta duniya ta fitar da ma'aunin ISO 41001, wanda ake gwada tsarin kula da gini da shi a kowace ƙasa. A watan Mayun kowace shekara kuma ana bikin ranar masu sana'ar ta duniya.

Abin da ya fi damun mambobi shi ne bambancin gyara kafin lalacewa da gyara bayanta. Canza man janareto da matatarsa a kan lokaci kuɗi ne kaɗan, sake injin da ya buga kuwa kan cinye kasafin shekara. A asibiti lissafin ya wuce kuɗi: famfon burtsatse da ya tsaya yana nufin ɗakin haihuwa ba ruwa, firjin da ya mutu cikin dare yana nufin jini da allurar rigakafi sun ɓaci. Duk da haka kuɗin gyara ne ake fara zaftarewa idan aljihu ya matse, saboda sabon gini ana yi masa biki, rufin da bai zubar ba kuwa ba mai lura da shi. Shi ya sa ƙungiyoyin ke nacewa a ware kuɗin kula tun ranar da aka amince da kuɗin gini, a kuma saurari mai kula tun ana zane, kada a sayo na'urar da sai an aika Legas ko Kano kafin a sami kayan gyaranta.

Sai batun rubutu. Gine-gine da yawa ba su da kundin da ke nuna inda bututu da waya suka bi, ko ranar da aka yi wa inji sabis na ƙarshe. Sanin yana kan tsohon ma'aikaci ɗaya, ranar da ya yi ritaya ya tafi da abinsa. Akwai kuma masu aikin hannu, mai famfo da mai wuta da birkila da kafinta da masu shara, waɗanda duk tsarin ke dogara da su, amma su ne aka fi jinkirta wa haƙƙi, aka fi bari ba safar hannu ba takalmin kariya.

Doka ta fara biyo baya. A 2019 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da manufar kula da gine-ginen gwamnati, sannan a Afrilun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a umarnin zartarwa mai lamba 11, wanda ya wajabta wa ma'aikatu da hukumomin tarayya kafa sashen kula da gine-ginensu. Dokar kare haƙƙin masu bukata ta musamman, da aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su samar da hanyar shiga ga mai keke da makaho. Wa'adin ya cika, kuma mai kula da gini ne zai aiwatar.

Argungu tana da nata nau'in matsalar. Bikin kamun kifi, wanda ya faro a 1934, UNESCO kuma ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, yana tara baƙi a bakin kogin Matan Fada na 'yan kwanaki, sannan masaukai da rumfunan kallo su koma jiran wata shekara. Bikin ya taɓa tsayawa kimanin shekara goma kafin ya dawo a 2020. Ginin da ba a zama a ciki ya fi saurin tsufa, don haka masu sana'ar suka fi son a nemo wa irin waɗannan wurare amfanin da zai riƙa biyan kuɗin kula da su tsakanin biki da biki.

Jihar Kebbi, tun ƙirƙiro ta a 1991, ta tara sakatariya da asibitoci da jami'o'i da filin jirgi da masana'antun shinkafa. Abin da ya rage wa masu kula da su a Birnin Kebbi da Argungu shi ne su haɗa kai a inuwa ɗaya, su horar da matasan da ke fitowa daga Kwalejin Waziri Umaru, su kuma tsaya kai da fata a riƙa sa kuɗin gyara cikin kasafin kowace shekara.