Dariyar da Ta Fi Kuka Ciwo: Nazari Kan Zanen Takaici a Arewacin Najeriya

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, har kuɗin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 ya haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar wannan shekara bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wani nau'in zane ya ƙara yawaita a wayoyin jama'a, wato zanen takaici, wanda ke ɗaukar yunwa da mutuwa da satar mutane ya mai da su abin dariya. Tare da shi akwai salon shirme, inda mai zane ke haɗa abubuwan da hankali ba zai ɗauka ba da gangan, domin ya nuna cewa al'amarin da kansa ba shi da kan gado. A garuruwa irin su Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa, inda aka fi sanin fenti a jikin manyan motoci da allunan masu aski da na masu maganin gargajiya, WhatsApp da Facebook ne suka shigo da wannan zane cikin majalisun hira, amma kuskure ne a ɗauka cewa wayar ce ta haife shi.

Babban dalilin yawaitar wannan zane shi ne cewa bayanan da hukumomi ke bayarwa sun riga mai zane shiga shirme, har ya kasance ba ya buƙatar ƙirƙirar komai. A watan Agustan 2017 fadar shugaban ƙasa ta ce ɓeraye sun ɓata ofishin Shugaba Muhammadu Buhari bayan doguwar jinyarsa a Landan, saboda haka daga gida zai riƙa aiki. A Fabrairun 2018 wata ma'aikaciyar hukumar JAMB a Makurɗi ta ce maciji ya haɗiye naira miliyan 36. A Yunin 2019 kuma aka baza labarin cewa goggon biri ya lamushe kusan naira miliyan 7 a gidan zoo na Kano, har sai da gwamnan jihar na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, ya fito ya ce babu goggon biri a gidan ma sam. Mai zanen da ya zana maciji da ƙaton tumbi cike da takardun kuɗi rahoto kawai ya kawo, domin hukuma ce ta yi masa aikin tunani, nasa jan layi ne. Haka Mustapha Bulama na jaridar Daily Trust ya yi a Satumbar 2020, lokacin bikin 'yar shugaban ƙasa, wanda ya zo daidai da ƙarin kuɗin fetur da na lantarki: ya zana uwargidan shugaban tana nuna wa talakawan da ruwa ke ci hotunan biki, abin da ya jawo masa zagi daga magoya bayan gwamnati, ya kuma sa zanen ya zagaye ƙasar cikin 'yan sa'o'i.

Dalili na biyu shi ne tsadar magana kai tsaye. A Nuwambar 2022 wata kotu a Kano ta sa aka yi wa wasu matasa biyu bulala ashirin-ashirin saboda sun yi wa gwamna shaguɓe a TikTok, a watan nan kuma aka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse kan rubutu guda da ya yi game da uwargidan shugaban ƙasa. Zane yana ba mai shi wurin laɓewa irin wanda habaici ke ba mawaƙi, tunda bai kama suna ba. Wannan dabara tsohuwa ce a ƙasar Hausa, inda wawan sarki da 'yan tashe ke faɗin abin da dattijo ba zai iya faɗa ba, kuma ko a fagen fentin ilimi Gani Odutokun, malami a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya wanda ya rasu a 1995, ya yi wani zane a 1990 na sarki yana raha da janar-janar ɗinsa, wanda masana suka fassara da zambo ga mulkin Janar Ibrahim Babangida.

Masu adawa suna cewa mai da mutuwa abin raha cin fuskar mamata ne da iyalansu, wasu malamai kuma tun asali ba su yarda da zana abu mai rai ba. Akwai ƙamshin gaskiya a magana ta farko, musamman idan wanda bala'i ya shafa aka yi wa dariya maimakon wanda ya jawo shi, sai dai yawancin masu wannan ƙorafi ba a jin muryarsu sai ranar da zanen ya taɓa ubangidansu.

Illar da ta fi cancantar damuwa daban ce. Zanen takaici ya kai labarin almundahana ga manomin da ba ya karanta jaridar Turanci, ya kuma rage wa masu mulki kwarjini, amma yawan maimaita shi yana koya wa mutane su karɓi abin kunya a matsayin nishaɗi, a yi dariya a tura wa abokai a wuce. Labarin maciji har yau yana bakin kowa, alhali kaɗan ne suka bi diddigin yadda shari'ar ma'aikaciyar ta kasance. Laifin wannan ba na masu zane ba ne, na 'yan jarida da majalisu da kotuna ne waɗanda ya kamata su ɗora daga inda zanen ya tsaya, kuma su ne suka gaza.